Babban Yatsan Inna Gambo

Bana shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar Inna Gambo, yayar mahaifiyata, mai matsar man gyaɗa a Dogo-Dogo. Har yau in ƙamshin ƙuli-ƙuli ya bugi hancina da hantsi sai na waiga, kamar zan gan ta.

Mata na sayen manta, amma suna ɓoye mata ƴaƴansu. Tana da wata ɗabi'a: in ta ga yaron da aka yaye, sai ta kama ƙafarsa ta danna da babban yatsa. In wurin ya taso, ta yi masa wasa. In ramin ya zauna, ta yi tsit, kuma sau da yawa yaron ba ya kai kaka. Sai aka fara raɗe-raɗin cewa yatsan ne ke zaɓa. Ni kaina, Allah na gani, ina tsoronta.

A damanar da gero ya ƙi, aka kawo taimako, aka ce kowane gida ya zaɓa: bidon mai, wato jarka guda, ko kwalin kayan lambu na gwangwani. Maigidana ya ɗauko gwangwani don ƴarmu Hadiza, wadda na yaye tana ta ramewa. Ya ce abincin Turawa ne, shi zai gina ta. Inna ta buɗe ɗaya ta tsiyaye, rabinsa ruwan gishiri. Ta ce, "Wannan ganye ne, kuma ganye muna da shi a bayan ɗaki. Ƙarfin da ke cikin cokalin mai guda, babu shi a nan." Kafin in ankara ta kama ƙafar Hadiza. Ramin ya zauna.

Na fasa kuka. Ita kuwa ba ta yi tsit ɗin da ta saba ba. Ta ce, "Goya ta, mu tafi likita." Majo, malamin asibitin da ya duba ta, ya raba gardamar: mai na ba da ƙarfi, ganye na ba da abin da mai ba shi da shi, ɗaya ba ya isa. Bayan magani Inna ta karɓi cimar yarinyar, kullum kunu da mai, da garin ƙuli-ƙuli, da zogale.

Yau duk kantin da ka shiga a Magariya gwangwanaye ne jere har rufi, ga mai a ƙulle cikin leda wanda ba ka san uwar da ta haife shi ba. Da Inna na nan da ta shinshina ta taɓe baki.

Hadiza ta tashi. Kumburinta na sacewa, ƙafafun Inna suka fara hawa, ba ta ga kakar shekarar ba. Matan unguwa suka ce ta ɗauke ciwon ne ta ɗora wa kanta. Wadda ta yi mata wanka kuwa ta ce mini ta tarar da tukunyarta da yanar gizo, alamar an daɗe ba a ɗora ta ba.

Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. Turminta ya tsage, ɗakinta ya rushe, ko hotonta ba mu da shi. Abin da ya rage na Inna shi ne Hadiza, tana aure a Waca da ƴaƴa biyu, kuma ba ta tuna fuskarta.