Darnin da Muka Yi wa Ruwa

Ranar wata Talata ce, farkon daminar shekarar da aka ce kowane yaro sai ya shiga boko, wani mutum ya shigo makarantarmu a kan babur da akwatin katako ɗaure a baya. Makarantar ma ɗaki biyu ce da darbejiya guda, can gefen ƙauyenmu a ƙasar Makoda, mu kuwa 'yan aji ɗaya a gindin darbejiyar muke zama. Na girme wa kowa a ajin, don sai da aka gaji da ɓoye ni a bayan rumbu kafin aka miƙa ni. Mutumin ya sauke akwatin, ya karkaɗe rigarsa, ya ce daga ofishin ilimi yake, laburare aka kawo mana. Abokina Barau ya raɗa mini cewa allura za a yi, har wasu suka fara sulalewa ta bayan aji. Da aka ɗaga murfin sai ga littattafai, sababbi fil, suna ƙamshi irin na sabon yadi.

Malam Iro, malaminmu, ya goge hannunsa a jikin riga ya zaro ɗaya, ya ɗaga mana yana buɗewa da kan yatsa. Duk Turanci ne, amma akwai hotuna: bishiyoyi, koguna, da wasu shanu masu ƙiba waɗanda ko a mafarki Fulanin yankinmu ba su taɓa gani ba. Can sai ya buɗe wani shafi, ni da ko baƙi ɗaya ban iya ba na miƙe tsaye, domin kwazazzabon gonarmu ne sak a jikin takarda. A hoto na biyu mutane ne a cikin ramin suna kafa turaku, suna saƙa rassa a tsakani. A na uku ramin ya cike, ciyawa ta fito, har da wata akuya tana kiwo a kai. Ƙarƙashin kowane hoto akwai rubutu layi-layi. Malam bai kai ga karantawa ba mutumin ya ce hadari na tasowa, yana da sauran ƙauyuka. Ya karɓi littafin ya mayar, ya danna kwaɗo, ya miƙa makulli ya ce, "Malam, kayan gwamnati ne. Shafi ɗaya ya yage, a wuyanka."

Kwazazzabon nan da farko hanyar shanu ce da ta ratsa gefen gonar gandunmu zuwa rafi. Ruwa ya bi sawunsu ya yi ta ƙwaƙula, har ya zamana babba in ya shiga sai hularsa ake gani. Mu yara ba abin da muke so kamarsa. A yashinsa muke langa da kokawa, a gaɓarsa muke haƙar gafiya da yumɓun gina shanu, in an aike ni yankan ciyawar jaki can nake shigewa in yi barcina, sai na ji Inna tana ƙwala sunana daga bakin danga. Ban san cin mu yake yi ba. Da rani kullum sai mun loda taki a mangala mun kai gona, ni da yayyena, mu jera shi tsibi-tsibi, damina na sauka ruwa ya kwashe rabi ya yi gangare da shi, ya haɗa da kunya ɗaya ko biyu na gero. Gidanmu kuwa baki da yawa, kuma a ƙasarmu gona tana manne da gona, ba wani daji da za ka ce bari in sare sabuwa. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi Baba yakan je bakin ramin ya tsaya, hannu a baya, yana kallon gangare. Abin da na taɓa ji ya ce kawai shi ne, "Mu ke kai taki, mutanen gangare ke cin tuwo."

Da yamma muna cin tuwo a zaure na ba da labarin hoton. Ba wanda ya ɗauka da gaske, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ne fa Nomau, wanda ya ɗaure wutsiyar jakuna biyu ranar kasuwa, wanda ya ce ya ga kura a bayan masallaci har aka fito da sanduna. Yayyena suka yi ta dariya, Inna daga tsakar gida ta ce a bar ni, gobe ma zan ce na ga kifi a kan rimi. Baba dai bai yi dariya ba. Ya sa na sake faɗa daga farko, washegari ya saka rigarsa ta Juma'a ya nufi makaranta, wurin da bai taɓa takawa ba.

Malam Iro ya karɓe shi da girmamawa, ya ba shi kujerarsa shi ya tsaya. Ya ce wallahi yana so ya taimaka, amma sai mai babur ya dawo ya nuna yadda ake ba da aro, kuma shi bai riƙe abin da ke shafin ba tun da bai samu karantawa ba. Baba ya koma da ƙwan zabi, ya koma da damin gero bayan kaka, amsar ba ta sake ba. Ba mugunta ba ce. Malam ya kai akwatin ɗakin ajiya, ya ajiye a ƙasa can lungu, ya rufa masa sabuwar tabarma, kullum da safe sai ya leƙa ya taɓa kwaɗon. Mu haka muka san daraja. Kwanukan jeren Inna sun shekara nawa a ɗaki ba a taɓa zuba ko ruwa a ciki ba, abu in yana da kyau ajiye shi ake yi. Ni kuwa na gwada makullin akwatin Inna, na gwada ƙusa, na gwada ƙashin kaza. Abin da na samu bulala ce, a makaranta da a gida.

To, sai ya zamana littafin da ya rage shi ne kaina, kan da ya kasa riƙe biyu sau uku. Da bazara ta gabato Baba ya kira gayya. A zamanin nan in aka ce gayya gari ne ke tashi: mata sun kwana daka, fura a manyan ƙore, mai ganga yana zuga samari, kowa da gatari ko fartanya a kafaɗa. Aka ɗora ni a kan jaki a bakin rami, dattawa masu furfura suna ɗaga kai suna tambayata shingen da na gani a hoton. Tsayinsa fa? Na ce dogo. Guda nawa? Na ce ɗaya na gani. A ina? Na nuna can ƙasa inda ramin ya fi faɗi, don nan ne ya fi kama da hoton. Daga nan ba su ƙara bukatata ba, domin turaku da saƙa ai darni ke nan, darni kuwa ba wanda zai koya wa mutanenmu. Suka kafa busassun itatuwa, suka jera karan dawa suka ɗaure tamau yadda ko ɗan tsako ba zai ratsa ba, suka yaɓe gindin da laka, ya tashi ya fi mutum tsawo. Ko gidan mai unguwa ba shi da darni mai kyansa. Kakan Barau, wani tsoho da ba ya salla sai bautar iyayensa, ya zauna a inuwa yana kallo, ya ce, "Ruwa fa ba akuya ba ne." Aka ce tsufa ne.

Ruwan farko da na biyu darni ya tsaya, ni kuwa tafiyata ma ta sake. Na uku ya zo da rana tsaka, kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya taru a bayan darnin ya zama tafki, muka tuɓe muka faɗa muna ihu, manya suna kallo daga sama suna murmushi. Sai wani ya lura gaɓar hagu tana zubewa. Ruwan da aka hana hanya ya nemi tasa ta gefe, ya ci gindin gona ta ƙasa, muka fito da gudu. Muna tsaye darnin ya kwanta gaba ɗaya, tafkin ya bi ta kansa, wani yanki na gonar ya rufta da geronsa a tsaye, kore shar. Abin da ramin zai ci a damina uku ya cinye kafin la'asar. Na jira duka, har na so a dake ni. Baba ya dubi mutane ya ce, "Yaro abin da ya gani ya faɗa." Ya juya gida. Tun daga ranar sunana Injiniya, yau har jikokina da shi suke kirana, wasunsu ma sun ɗauka da gaske ne.

Mai babur bai sake dawowa ba. Na bar makaranta a aji uku na koma bin jaki, ɗan rubutun nan ma da girmana na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci. Sai da aka kawo sabon hedimasta ya ce a buɗe kwaɗon, aka aika wa Baba ya zo. Da aka ɗaga murfi ba komai sai jar ƙasa da hanyoyin gara, ta shigo ta ƙasa ta gama aikinta tun tuni, ta bar bangon littafi biyu ko uku. Malam Iro ya tsuguna ya riƙe kai. Baba ne ma ya dafa shi yana ba shi haƙuri. Har Baba ya koma ga Allah bai san abin da aka rubuta ƙarƙashin hoton nan ba, kuma ya bar mana gonar da ba ta kai rabin wadda ya gada ba.

Bara jikata Rakiya, wadda ke karatun muhalli a wata kwaleji a Kano, ta ji wannan labari a bakina. Ta shiga laburaren makarantarsu neman littafin, amma me za ta ce? Kakana ya ce mai hoton akuya? Mai kula da wurin ya yi dariya, ya nuna mata yadda za ta nema a intanet. Da ta zo hutu ta ja ni har bakin kwazazzabon, don duk ƙauyen nan a nan ne sabis ya fi kamawa, muka zauna ƙafafunmu na reto ta buɗe waya. Ga shi nan, ba hoto ba ma, mutane ne na wata ƙasa suna motsi suna kafa turaku. Suna Turanci tana mayar mini da Hausa. Wai ba ya wuce gwiwa. Wai da gangan ake barin ƙofofi, ruwa ya wuce ya bar yashi. Ba ɗaya ake yi ba, jeri ake yi, kuma daga kan ramin ake farawa inda yake ƙarami. Turakun ma ɗanyu ake sawa, irin waɗanda in an soka suke tsiro, a bi bayansu da ciyawa mai saiwa kamar jema. Duk abin da muka yi, kishiyarsa ne. Na ce ta maimaita, ta maimaita, har caji ya ƙare. Na yi dariya har da tari. Ta ce, "Injiniya, kuka kake yi?" Na ce hasken wayar ne.

Na sa liman ya yi shelar gayya bayan sallar Juma'a. Ranar aiki Barau ya zo da sandarsa, sai ni, sai Rakiya, sai 'yan yara da suka ji an dama fura. Samarin suna Kano suna acaɓa, wasu suna Watari wajen noman rani, 'ya'yan cikina ma suka ce in bari sai sun zo da salla. Ba na ganin laifinsu, gonar da ta rage ba za ta riƙe su ba. Muka fita neman ɗanyun turaku, dashi da ararraɓi da a da kowace danga da su aka yi ta, sai da muka zaga unguwa uku kafin muka haɗa abin da yaro zai ɗauka a ka. Jema kuwa yaran ba su ma san ta ba. Muka kafa ɗan jeri biyu a kan ramin, baya ya riƙe ni, Barau ya zauna ya kasa tashi sai da aka kama shi. Ramin da in jaki ya bi tsawonsa sai ya gaji, jeri biyu me zai yi masa?

Rakiya ta koma makaranta. Takan turo sababbin bidiyo ta wayar maƙwabcina, ta ce akwai darussa da littattafai a ciki da ba za su ƙirgu ba, kan ƙasa da ruwa da bishiya, ba kwaɗo ba makulli. Nakan karɓa in kalla, ina gyaɗa kai, ina gane aikin tun kafin su gama. A da muna da samari cike da gari, da ganga, da itace a kowace danga, layi uku na rubutu kawai muka rasa. Yau in na zauna a bakin ramin sai in ji kamar in na waiwaya zan ga mutanen nan suna tahowa da gatura a kafaɗa, in gaya musu gwiwa ce iyaka, a fara daga sama. Ba kowa a hanyar sai wani yaro da ke kora tumaki. Damina ta kusa, geron da zan shuka bana taku kaɗan ne tsakaninsa da gaɓa. Amsar da Baba ya nema ta iso, ni kaɗai ta tarar.