Rediyon da Ba Shi da Batir

Akwai wani yammacin Asabar a Agege da ba zai taɓa fita daga raina ba. A lokacin ina aji uku a jami'a, ina karanta injiniyancin lantarki da kwamfuta. Wanda bai shiga sashen nan ba, ba zai gane ba. Muna da wani kwas a kan sigina, malamin zai cika allo da lissafi, ka fito aji kanka na juyawa kamar an buga maka taɓarya.

Ina da aboki ɗan layinmu, mahaifinsa mahauci ne a Oko-Oba, kuma shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Tare muke hawa motar danfo zuwa makaranta kullum. Kwas ɗin nan ya kayar da shi har ya kai gaɓar da in ya sake faɗuwa za a sallame shi. Da jarrabawa ta matso sai ya daina fitowa, abinci ma sai an yi da gaske.

Ranar Asabar ɗin, bayan la'asar, na je gidansu. Mahaifiyarsa ta tare ni a tsakar gida, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ɗana, shiga ka duba min shi. Tun jiya yake hira da wani, ni kuwa ban ga wanda ya shiga ba."

An ɗauke wuta, ɗakin ya yi duhu da zafi. Na same shi zaune a ƙasa, idanunsa jajur, gabansa ɗan rediyon da muka haɗa na aikin aji, wayoyi tsirara a kan katako.

"Yi shiru," ya ce. "Oga na kiran waɗanda suka ci." Malaminmu yake nufi.

Na duba, babu batir a jiki. Na yi dariyar ƙarfin hali, na ce ya tashi mu sha iska. Bai kula ni ba, sai ya miƙo min abin sawa a kunne. Na saka don ya haƙura. Da farko shuuu kawai nake ji. Can sai wata murya daga nesa, kamar daga cikin rijiya, tana jero sunaye a hankali. Wallahi na ji nawa.

Na fizge abin na jefar. Ya damƙe hannuna, tafinsa sanyi ƙalau. "Ka ji ko? Ni bai kira nawa ba." Sai ya fashe da kuka.

Mun karanta cewa doguwar waya tana iya kama tasha mai ƙarfi ko babu batir, kuma ni ma a makon ban yi barcin kirki ba. Da wannan nake lallashin kaina har yau. Amma ban sake taɓa rediyon ba.

Kafin magariba mahaifinsa ya dawo, muka kai shi asibiti a Idi-Araba. Likita ya ce damuwa ce da rashin barci. Jarrabawar ta wuce shi, ya yi watanni yana jinya, da ya warke ya koma wani sashen. Ni kuwa na tsallake da ƙyar.

Daga ranar na gane babu kwas ɗin da ya kai hankalin mutum daraja. In ka ga abokinka ya yi shiru da yawa, kada ka ce karatu yake yi. Ka ƙwanƙwasa masa ƙofa tun da wuri.