Minti Takwas a Ɗakin Hajiya

Na daɗe ina koyar da Fiziks a wata sakandare a cikin Katsina, kuma akwai tambayar da nake jefa wa 'yan ajin ƙarshe duk shekara, galibi in na ga barci ya fara cin layin baya. Nakan ce: da za a ɗauke rana daga sama yanzun nan, me za mu gani? Su ce duhu. In ce a'a. Hasken rana yakan yi minti takwas da ɗoriya a hanya kafin ya iso mu. A minti takwas ɗin nan mai shanyar barkono zai ci gaba da shanyarsa, mu ci gaba da share gumi, ita kanta duniya ta ci gaba da zagaya wurin da babu komai, domin ko jan da rana ke yi mata ba ya riga haske isowa. Babu labarin da ya fi haske gudu, komai muninsa. Wata shekara wani daga baya ya ce, "Malam, ai ya isa mutum ya yi alwala." Aji ya kwashe da dariya, har da ni.

A daminar da zan ba da labarinta, mahaifiyarmu, wadda kowa ke kira Hajiya, tana kwance a ɗakinta a Ƙofar Guga. Hawan jini ya kayar da ita sati biyu kafin nan, ya taɓa mata hannun hagu da gefen baki. Likita ya sallame ta da magunguna da gargaɗi guda: kada ta ji abin da zai tayar mata da hankali. Sau biyu ya faɗa, yana kallon Yaya, babban wanmu, don ya gane cewa shi ne mai yanke magana a gidan.

Ranar wata Talata da hantsi aka kira Yaya daga Fatakwal. Ƙanwarmu ce, autar Hajiya, wadda ke aure a can, Allah Ya yi wa rasuwa. Zazzaɓin kwana uku. Kafin la'asar an kai ta makwancinta, cikin mutanen da ba mu san rabinsu ba.

A garinmu ba a miƙa wa mutum mutuwa haka ɗanya. In yana nesa, a ce masa jikin wane ya motsa, ya zo. In ba shi da lafiya, a jira ya ji ƙarfi. Kowa ya san ana yi, kowa ya taɓa yi wa wani. Yaya ya tara mu a zaure ya tsara komai cikin murya ƙasa-ƙasa: zaman makoki a gidansa na Ƙofar Kaura, babu mai kuka a nan, duk macen da za ta shiga wurin Hajiya ta wanke fuska tukuna.

"Saura waya," ya ce, ya juyo gare ni.

Hajiya ba ta riƙe waya. Auta takan turo saƙon murya a tawa duk bayan kwana biyu, ni kuma in na taso makaranta in biyo in kunna mata.

"Yaya, wannan kuma yaya za a yi da shi?"

"Tsofaffin saƙonnin, ka goge su?"

"Ban goge ba."

"To, malamin kimiyya. Ai ka gama."

Haka na zama ma'aikacin gidan waya na mamaciya. Na zauna na saurari saƙonnin kusan shekara guda, ina ware waɗanda ba su ambaci Sallah ba, ba su ambaci bikin kowa ko haihuwar kowa ba. Auta mai surutu ce, Allah Ya jiƙanta, ba ta iya magana ba tare da ta sako mutum biyar a ciki ba. Da ƙyar na sami guda huɗu masu tsabta.

Na farko na kunna shi ranar Laraba. Muryar ta cika ɗakin, da dariyarta, da ƙarar tukunya a bayanta. Hajiya ta amsa kamar yadda ta saba, gaisuwa bayan gaisuwa, kamar yarinyar na zaune a bakin gado. "Lahiya lau. Da godiya. Suna lahiya." Sannan ta ce in danna mata, ta yi nata jawabin da bakin da bai gama miƙewa ba, ta ce a aiko mata da man zafi irin na wancan karon. Na tura. Alama ɗaya ta fito a gefen saƙon, ta tsaya nan. Wayar Auta tana kashe a cikin wani akwati a Fatakwal.

Akwai zanen da nake yi wa ɗalibai a allo, mai kama da mazurari. Daga duk abin da ya faru, labarinsa yana buɗewa yana faɗaɗa; wanda ke cikin mazurarin abin ya riga ya same shi, wanda ke waje bai same shi ba tukuna. A satin nan na ga zanen yana tafiya da ƙafafunsa. Ya cinye Ƙofar Kaura a yini ɗaya. Ya kai Ƙofar 'Yandaka, inda ƙawayen Auta na makaranta suke. Ya shigo lungunmu, ya kama masallaci, ya kama mai nama, ya kama mai kawo mana ruwa, wanda ya daina waƙarsa in ya shigo. Abin da ya rage a duk garin shi ne ɗaki ɗaya mai koren labule. Matata da matar Yaya suna karɓa-karɓa a bakin zaure, suna tare masu zuwa gaisuwa, suna karkata su Ƙofar Kaura. Wata tsohuwar maƙwabciya ta kuɓuce musu sau ɗaya, ta shiga, ta zauna, ta yi ta murza hannun Hajiya har aka zo aka fitar da ita da dabara. Hajiya ta bi ta da ido har bakin labule.

Na nemi mafaka a cikin abin da nake koyarwa. Ai ilimin ya ce babu wani "yanzu" guda ɗaya da ya game sammai da ƙasa. Mutum biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na zaune, suna iya saɓawa kan wane abu ya riga wane, kuma duk su biyun suna da gaskiya. To a "yanzu" ɗin Hajiya, Auta na da rai. Kwana biyu wannan ya riƙe ni. Illar karatu ita ce na san babin har ƙarshensa. Wannan saɓanin yana halatta ne kawai tsakanin abubuwan da haske bai sami lokacin haɗa su ba. Daga Fatakwal zuwa Katsina kuwa haske ya iso kafin a ƙifta ido. Babu wani mai kallo, komai gudunsa, da zai ce mutuwar ba ta riga gaisuwar Hajiya ba. Minti takwas ɗin da take ciki ba na Allah ba ne. Mu muka haɗa mata shi, da labule da mata biyu a bakin zaure.

"Ba ta tambayi hannuna ba," in ji Hajiya bayan saƙo na uku.

"Sabis ne, Hajiya. Naki bai kai mata ba tukuna. Ruwan can ya fi namu."

"Uhm," ta ce.

Ranar ta tara aka yi ruwa mai ƙarfi tun azahar. Na shigo a jiƙe, na zauna a kan darduma, na ciro saƙo na huɗu. Na saurare shi sau uku a gida, na tabbata babu Sallah, babu suna, babu biki. Abin da ban saurara ba shi ne gaisuwar. Wa yake sauraron gaisuwa? Kunne yakan tsallake ta kamar dokin ƙofar gida.

"Hajiya, ina wuni? Ya gida? Ya zafi? An ce Katsina ta zama tanda bana. Ku dinga kwana a tsakar gida, don Allah. Allah Ya kawo mana damina lafiya."

Ruwa na dukan kwano a kanmu. Indararo na zuba a cikin bahon da aka tara a ƙofar ɗaki. Hajiya ba ta amsa ko ɗaya ba.

"Sake sa shi."

Na sake.

"Malam." Haka take kirana in na yi laifi, tun ranar da na fara aiki. "Yau kwana nawa?"

"Da me, Hajiya?"

"Kada ka maishe ni ɗiyar ajinka."

Na dubi na'urar awon jini da ke kan kwabet, na dubi ledar magani, na lissafa tazarar da ke tsakaninmu da asibiti cikin wannan ruwan. Sannan na ce, "Tara."

Ta yi salati a hankali, ta maimaita. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta fara lanƙwasa yatsu.

"Uku ta wuce. Bakwai ta wuce. An yi mata sadaka?"

"An yi, a gidan Yaya."

"Kowa ya tahi?"

"Kowa."

"Ni kuma ina nan ina roƙon ta man zahi."

Na jira abin da likita ya faɗa. Bai zo ba. Ta miƙo mini hannu da kanta na ɗaura na'urar, adadin ya hau, ya tsaya inda ba a so amma ba inda ake tsoro ba. Ta ce, "Gobe a shimfiɗa tabarmi a ƙohwar gidan nan. Ɗiyata ce." Aka shimfiɗa. Mutanen da suka yi gaisuwa a Ƙofar Kaura suka dawo suka sake yi, kowa na sunkuyar da kai.

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma daga ranar ba ta sake karɓar labari daga bakinmu ba. In aka ce wane na gaishe ta, sai ta ce a kira shi yanzu, ta tambaye shi ko an yi ruwa a garinsu yau, ta kuma sa a kira wani a garin ta gwada. Ban taɓa samun ɗalibin da ya kai ta tsantseni a gwaji ba. Sau ɗaya kawai, ni da Yaya muna zaune, ta dube mu ta ce, "Ranar da tawa ta zo, ko me za ku ce ma juna?" Yaya ya ce ta daina irin wannan magana.

Bayan an yanke gero, wata Litinin, ina gaban allo wayata ta yi ƙara. Yaya ne.

"Kana aji? Jikin Hajiya ne ya ɗan motsa. Ka zo, amma a hankali, ba gaggawa."

Muryar a daidaice take, babu ko gargada. Na san ta. Ina zaure ranar da ya gwada ta.

Na ajiye alli, na tari ɗan acaɓa a bakin makaranta.

"Ƙofar Guga. Lungun masallaci."

"Malam, in taka ne?"

"A'a. Bi a hankali."

Rana na nan a inda take. Masu lemo na yayyafa wa kayansu ruwa, wani tela ya fito da kekensa inuwa. Na kalli kowane shago a hanyar nan kamar an ce za a tambaye ni a jarrabawa. Sau biyu na ce wa mai babur ya rage, har ya waiwayo ya ce, "Malam, in na rage fiye da haka sai dai mu sauka mu tura."

Da muka karya kwanar lungu, shi ya fara ganin tabarmin a ƙofar gida. Ya kashe injin tun kafin mu kai, ya bar babur ɗin ya gangara da kansa.