Gashin da Ke Cikin Idon Goggo Hansai

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da Goggo Hansai ta kwanta a bencin ɗakin shan maganinmu ta ce in cire mata gashi a ido. Damina ce, shekara biyu bayan shigowar naira. An ce in rubuta wa 'yan bayanmu abin da ya faru. Zan rubuta, amma kada ku sa ran na gane shi duka.

Lokacin ban cika shekara da kama aiki ba. Na gama sakandare, aka ba mu horo na 'yan watanni, aka turo ni wani ƙauye a gefen Sule Tankarkar. Mu biyu ne kawai. Malam Isyaku shi ne babba, shi ke duba marar lafiya ya faɗi magani. Ni mataimakiya ce. Nawa wanke miki, ɗaura bandeji, ɗiga magani, sai kuma cire gashin ido. Ga wanda bai sani ba, a ƙasar nan akwai ciwon da ke lanƙwasa fatar ido ciki, gashin ya riƙa gogar ƙwayar har ya yi mata tabo. Kusan kowane gida akwai hantsaki, mata na cire wa juna. A wurinsu abu ne kamar yanke farce.

Wannan ciwon ne ya cinye wa Goggo Hansai idon hagu, na dama kuma ya yi hakiya. Makitsiya ce, har daga Maigatari ake ɗaukar ta kitson amare. Ɗanta mai fataucin shanu ya kai ta Kano, ya dace da wani likita baƙo, aka yi mata aikin da ban taɓa ji ba. Wai an yanke 'yar fatar da ke gaban baƙin idon, mai haske kamar gilashi, an dasa mata ta wani da ya rasu. Aka sallamo ta da kwalabe, aka ce mu riƙa ɗiga mata, ta koma bayan watanni. Iyakar abin da na sani ke nan.

Mutane sun ɗauka za ta dawo tana zura zare a allura. Ta dawo tana lalube. Wata ya wuce, wani ya bi, ita dai ta ce kamar ta leƙo ta cikin jiƙaƙƙen mayafi. Amma ba ta fasa raha ba.

"Malama Rakiya, ba su gaya mini ba, idon nan na namiji ne ko na mace?"

"Ban sani ba, Goggo."

"In na namiji ne ya daure. Kawunan mata zai yi ta kallo."

Ranar da nake magana Malam Isyaku ya tafi Gumel karɓo magani. Da hantsi sai ga yayar Goggo, Iya Dije, ta jawo ta. Iya Dije ce ke cire mata gashin ido tun suna da ƙuruciya. Idon ya yi ja, hawaye na bin kunci.

"'Yar nan, mun gano abin da ya hana shi buɗewa," in ji Iya Dije. "Gashi ne ya tsiro a ciki. Jiya na kai ta rana na gani da idona."

"A fatar ido, Iya?"

"A ƙwayar. Idon wani ne, dole gashin mai shi ya biyo shi. Da alama marigayin gargasa ne. Na samu na cire ɗaya, sauran sun kwanta, ni kuma ganina ya ja baya. Ke yarinya ce, ki ƙarasa."

Na haska tocila. Gaskiyarta, akwai gashi. Wani siririn baƙin abu ya miƙe a gefen baƙin idon, yana motsi in ta ƙifta. Na ɗauko hantsakin da na dafa da safe. Aikina ne, kullum shi nake yi, kuma mace na kwance tana jin zafi.

"Cire, 'yata," in ji Goggo. "Kamar ƙaiƙayi nake ji."

Na kai hannu har bakin hantsakin ya kusa taɓa shi. Sai na lura da sauran, waɗanda Iya ta ce sun kwanta. Sun zagaye baƙin idon a jere, tazararsu ɗaya, kamar ɗinkin bakin hula. A wuri ɗaya akwai giɓi, kuma nan ne ya yi fari-fari. Ban taɓa jin ana ɗinka ƙwayar ido ba. Ban kuma taɓa ganin gashi ya tsiro a layi ba. Kaina ya ɗaure. In zare ne, me ya sa ɗaya ya tashi? In na bar shi yana gogar idon, ba shi ne zai lalata shi ba? In na ja, me zai biyo shi? Ido ɗaya gare ta.

"Me kike jira?" in ji Iya Dije. "Ko sai an kawo miki kujera?"

"Iya, wanda kika cire jiya, yana da farin gindi irin na gashi?"

"Ya dai yi gardama kafin ya fito."

Ban san lokacin da na ajiye hantsakin ba. Na rufe idon da auduga da filasta, na kulle ɗakin magani alhali mutane na zaune a inuwa suna jira, muka bi motar da ta kai mu Gumel. Ban sami Malam Isyaku ba, wai ya juya. A asibitin can aka leƙa aka ce ba su da kayan duba irin wannan. Allah ya sa ranar kasuwar Maigatari ce, muka samu gaban wata babbar motar shanu mai zuwa Kano. Duk ramin da muka faɗa sai in tallafe kan Goggo.

Washegari wani likita ya sa haɓarta a kan wata na'ura ya duba. Ya ce zare ne. Sannan, ina tsaye ina kallo, ya ɗauki hantsaki ya cire ainihin wanda na ƙi cirewa. Wai ya saki, dole a fitar da shi. Wurin giɓin kuma aka shiga da ita aka sake ɗinkewa. Wata babbar nas ta ce mini na kyauta da ban taɓa ba. Jim kaɗan ta ce da mun kawo ta tun shekaranjiya. Na tambaye ta ko idon zai tsira.

"Sai mun gani."

"Yaushe za a gani?" in ji Iya Dije.

"Shekara, ko fiye. Ko ba a taɓa shi ba haka yake, a hankali yake washewa."

Babu wanda ya taɓa gaya mana haka. Ko kuwa an gaya wa ɗanta da Turanci, ban sani ba.

Da na dawo Malam Isyaku ya yi mini faɗan kulle wurin aiki ba izini, ya ce zai kai maganar gaba. Da yamma kuma na ji yana gaya wa mai gari cewa yarinyarsa ce ta ceci idon. Har yau ban san wanne ya kai gaba ba.

A Kano an koya mini in riƙa gwada ganin Goggo da ƙirgen yatsu duk mako. Makon farko ta faɗi daidai, na biyu ma haka, har na fara murna. Sai na kama Iya Dije na tsaye a bayanta tana ɗan taɓa mata kafaɗa, sau adadin yatsun.

"Haba Iya."

"To in ta kasa, ai cewa za a yi ni na kashe shi."

Ta juya fuska. Ni ma ban san ko cirewar da ta yi ta lalata shi ba. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, in ma ya koya mini wani abu. Mutanenmu ba sa iya zama su naɗe hannu nasu na shan wuya, sai sun yi wani abu. Wani lokacin kuma aikin duka shi ne ka hana hannunka, ka hana nasu, ka ce a jira, kai kanka ba ka san abin da ake jira ba.

Mako na uku na sa Iya Dije ta zauna a waje. Na ɗaga yatsu uku.

"Nawa ne, Goggo?"

Ta daɗe tana kallo. "Biyu. Ko huɗu." Ta ƙara matso da fuska. "Amma kin yi lalle."

Na yi lalle kuwa, kwana biyu kafin nan. Na janye hannun na shinshina, ko ƙanshin ne ya gaya mata. Ni dai ban ji komai ba.