Gwiwar Wandon Kawu

Kawuna mai shimfiɗa tayil ne. Shekara ashirin da bakwai yana rarrafe a ɗakunan mutane da zarensa da gudumar roba, kuma ban taɓa jin wanda ya kira shi ya dawo gyara ba. Abin da ya gagare shi a duniya ɗaya ne: wando. Kowane iri ya saya, wata biyu gwiwa ta huje. Ƙugu lafiya, aljihu lafiya, amma gwiwa sai ka ce ɓera ya yi kalaci da ita.

Matarsa ta yi faci har ta gaji. "Maigida," takan ce, "wandon fa ya daɗe da tafiya, facin kawai kake sawa."

Wannan ta sa ya zama gwanin zaɓe. In ya shiga shago sai ya juya jins ciki waje, ya ja ɗinkin, ya ɗaga shi saitin haske. In ya gwada kuma sai ya durƙusa, don ya ji inda yake ɗaure shi. Wata rana ya zube a gaban wata mai shago ba tare da ya yi mata bayani ba. Ta miƙe a firgice.

"Haba Baba, tashi don Allah! Me ka yi mini?"

"Ba ke nake roƙo ba, 'yata. Wandon nake gwadawa."

Shi ma wancan wata biyu ya yi.

Autarsa ce ta kawo ƙarshen abin. Ita ɗinkin kujerun mota ta koya, kekenta yana huda fata kamar takarda. Ranar nan ta shigo da leda, ta ce, "Baba, na yi maka wanda zai binne sauran." Tamfol ta liƙa masa tun daga cinya har ƙwauri. Kawu ya sa, ya fito tsakar gida yana tafiya kamar almakashi. Ya nemi tsugunawa, wando ya ce bai san zancen ba. Matarsa ta yi dariya har ta riƙe bango, shi kuwa yana tsaye ƙiƙam yana cewa, "To ku zo ku zaunar da ni mana!"

Auta ba ta yi fushi ba. Washegari ta bi shi wurin aiki, ta kifa bokitin fenti ta zauna, ta yini tana kallonsa. Nan ta lura cewa da gwiwar hagu yake jan jiki, ta dama dafawa kawai take yi. Ta shiga gwanjo ta zaɓo jins mai kauri, wanda ya ɗan fi shi girma. Ta ɗinka aljihu a kan kowace gwiwa, ta zura soson kujera a ciki, na hagu ninki biyu.

Ranar da ya fara aiki da shi, ya dawo ya ci abinci, ya yi ta hira. Sai da matarsa ta miƙo masa man zafin da yake shafa wa gwiwa kamar kullum, ya dube ta ya ce, "Na me?"

Yau shekara uku ke nan. Abokan aikinsa sun yi wa Auta layi, har wani mai gyaran famfo ya zo da nasa guda biyu. Matsala ɗaya ta rage: in wandon ya sha ruwa, nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Jiya na same su a bakin igiyar shanya, Kawu riƙe da ƙafafu, matarsa riƙe da ƙugu, kowa na murɗawa nasa ɓangaren, ruwa na zuba a kan silifas ɗinsu.

"Tsaya nan kina kallo," in ji matar Kawu, tana haki. "Zo ki kama mini, kawunki ni yake ja."