Ranar da na yi wa Bature lissafi da kwaɗi

"Ɗebe uku daga goma, saura nawa?" in ji Bature mai duba makarantu.

Ina aji biyu a elementaren Haɗeja lokacin. Da waƙa muke haddace lissafi, sai ya ce a daina, kowa ya kawo tsakuwa goma ya riƙa ƙirgawa. Ina tsakuwa a fadamarmu? Damina ce, sai na kamo ƙananan kwaɗi goma a gora.

Na juye su a tebur, na ɗebe uku, na duba.

"Ranka ya daɗe, saura ɗaya, shi ma yana shiri."

Bulala shida Malam ya zuba min, ina ƙirgawa da waƙa. Ko ɗaya ban kuskure ba.

Ku wace dabarar ce ta zauna muku?