Jigon Malam Arzika

Malam Arzika ya tsufa yana koyar da adabin Hausa a wata sakandare a Anka, ni kuma ajin da nake koyarwa yana jikin nasa, saboda haka na sha jigo da salo har sun gundure ni. Littattafan da ake nazari ba su taɓa isar ko rabin aji ba. Sai yara suka mai da abin hadda. Ya ce, "Mi na jigo?" su ɗauka baki ɗaya: "Saƙon da marubuci ke son isarwa!" Ya ce wane saƙo, a wane labari, sai kowa ya sunkuyar da kai. Haka tauraro, haka zubi da tsari. Suna cin jarrabawa kuwa, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Burinsa ɗaya ne kafin ya yi ritaya: ya ga yaro guda da ya gane, ba wanda ya haddace ba. Na ce masa ya haƙura, gwiwoyinsa ma sun haƙura.

A zangonsa na ƙarshe ya ce kowa ya kawo labari daga gida ya fitar da jigonsa. Basira, wadda iyayenta suka taso daga ƙauyen Dareta, ta miƙe. Ta ce Innarta kan ba su labarin wata mata da ke daka dutsen zinari cikin turmin da take surfen gero, har gubar dalma ta kashe mata yara biyu.

Malam ya ce, "To, jigon fa? Illar kwaɗayi?"

Basira ta ce, "A'a, Malam. Kullum wata mata taka cewa, amma mu mun san ita ta. Yayyena na sunka mutu. Labarin ga, so takai mu yahe mata, ta kasa hwaɗi."

Ina bakin taga, na ga ya zauna a kan tebur, abin da bai taɓa yi ba.

Da aka tashi ya kira ta. Na ɗauka yabo zai yi. Ya daɗe yana goge alli a hannunsa, sannan ya ce, "Kin gane, ɗiyata, kin hi kowa ganewa. Amma ranar jarrabawa kar ki rubuta irin wanga. Rubuta wanda kinka haddace."